Muryar Inna a Motar Hajiya

Kuɗin da na bar Azare da su, na tunkiyar Inna ne da na buhun riɗi guda da Kawu Buba ya ce in sayar, wai gudummawarsa. Inna ta ɗinke su a ƙugun wandona da baƙin zare, irin ɗinkin da sai da na nemi reza a Legas kafin na sake ganin kuɗina. Kai Habu, tunda kai ne mai cewa za ka tafi bayan girbi, jawo bencin nan kusa. Ku ma ku matso, ku ji abin da ba a nunawa a hoto.

Ban shiga bas ba, wa ya ba ni? Tirelar shanu na bi daga kara, a saman katako, kwana biyu shanu suna huci a ƙarƙashina. Da muka isa, wani mai shayi ɗan Gamawa ya tambaye ni sana'ata. Na ce gyaran rediyo, don da ma ina taɓawa a kasuwar nan, har ana cewa ina da hannu. Shi ya kai ni wajen wani Ibo mai shagon saka wa motoci kayan sauti da alluna. Kowa Oga yake ce masa, ni ma har na baro garin Oga nake cewa.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da turancin buroka, "Aboki, ka san wufa?"

Na ce, "Na san shi."

Akwai wani kare kwance a ƙofar shagon, wallahi na zaci shi ake nufi. Ashe wufa ita ce ƙatuwar sifikar nan da ake ajiyewa a but, mai sa ƙirjin mutum rawa. Ku yi dariya, ku da kuka tashi kuka tarar da abin. Sai kuma bulutut, wanda ke haɗa waya da mota ba tare da igiya ba. Oga ya ce ma'anarsa shuɗin haƙori. Na ce mu a garinmu jan haƙori muka sani, na goro da fure. Ga allon da ake shafawa, wai tochi-sikirin. Ni da na saba in rediyo ta ƙi magana in ɗauke ta da mari, aka ce wannan lallashinsa ake da ɗan yatsa. Ga kamarar ribas, mutum ya zuba ido gaba don ya ga baya. Ranar da Baturiyar nan ta cikin allo mai nuna hanya ta fara cewa a bi dama, sai da na gyara zama na cire hannu daga aljihu.

Amma na koya. Wata shida, babu motar da ba zan kwance gabanta in mayar ba, ba tare da an rasa ko ƙusa ɗaya ba.

Mai gidan da nake haya wani tsohon Bayarabe ne, Baba muke ce masa. Wata Lahadi da rana na kawo wata wufa da aka yar, na gyara, na ce bari in gwada. Kunnawa ɗaya, kwanukan matarsa suka zubo daga kantar ɗakinta, kaji suka watse. Sai ga Baba da ɗaurin zani.

"Malla! Gidana za ka rushe?"

"Baba, gwaji nake."

"Je ka gwada a gidan ubanka!"

"Baba, janaretonka fa kullum a bakin tagata yake."

"Janareto na mai gida ne. Ƙarar mai gida ba ƙara ba ce."

Bayan kwana uku talabijin ɗinsa ta daina nuna hoto, sai murya. Ya aiko a kira "Injiniya". Na gyara, ko ruwa bai ba ni ba, amma sunan ya yi mini daɗi. Har a wayata na sa shi: Injiniya Sale.

To, a shekarata ta biyu wani direba ya kawo wata baƙar jif, kujerun fata, ciki na ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ana so a cire allonta a saka babba, a ƙara sifiku takwas da wufa. Allon da Oga ya sayo ya ƙi shiga gurbin, sai an jira wani. Motar ta yi mako uku a bayan shago. Ni ke wanke ta, ni ke tayar da ita kada batir ya mutu.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci da shaddata guda ɗaya tilo, hula ta zauna, sai Shaiɗan ya ce mini, "Injiniya, shiga ka ɗan huta." Na shiga, na ɗora hannu a sitiyari, na ɗauki kaina hoto har huɗu. Na tura wa ƙanwata Rabi. Ku shaida, ban ce tawa ce ba. Na dai rubuta Alhamdulillahi a ƙasa. Rabi ta ce, "Yaya, taka ce?" Na ce, "Sai godiya."

Kwana biyu, hoton ya zaga Azare, ya je Katagum, ya kai Udubo wajen dangin Inna. Mutanen da ba su taɓa kirana ba suka fara tambayar lafiyata. Kawu Buba, wanda tun ina yaro bai taɓa ce mini komai ba sai "kai wannan", ya kira ya ce, "Injiniya, ya hidima?" Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Kullum in ce gobe zan warware zancen, goben ta ƙi zuwa.

Allo ya iso, na saka, na haɗa wayata da motar na gwada sauti, komai tas. Dokar Oga ita ce in ka gama gwaji ka cire wayarka daga mota. Ranar na manta.

Washegari da hantsi mai motar ta zo da kanta. Wata dattijuwa ce cikin leshi, da ɗaurin kai irin na Yarbawa da baƙin tabarau, tana zuba Yarbanci da direbanta. Na ce a raina wannan Alhajar Legas ce. Oga ya tayar da mota, ya buɗe ƙofofi huɗu, ya ƙure ƙara, yana ta zuba talla. Daidai nan wayata ta motsa a aljihu, saƙon murya daga lambar Rabi. Na zagaya bayan motar, na danna, na kara a kunne.

Shiru a kunnena. Sai daga sifiku takwas da wufa, layin da shagon yake gaba ɗaya ya ji:

"Salamu alaikum. Kai, ni ce."

Inna ce. Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. Wayar ta suɓuce mini ta shige ƙarƙashin mota. Na kwanta rub da ciki ina lalube, Inna kuwa ta ci gaba, muryarta har tana girgiza gilashi.

"Mun ga mota, Allah ya sa alheri. Kawunka ya ce bikin Rabi saura mako biyu, ya sallami mai bas ɗin da aka yi magana da shi, tunda ga mota a gida. Kai za ka kai amarya Katagum. Ya ce wai har da talabijin a ciki, a kunna wa 'yan rakiya. Sannan ka kira ni. Ina da maganar da ba ta saƙo ba."

Oga ya ce, "Wace tasha ce wannan?"

Na fito daga ƙarƙashin mota, gaban rigata duk baƙin mai. Matar nan ta cire tabarau, ta kalli allon, inda sunana ya fito ɓaro-ɓaro da manyan baƙaƙe. Sai ta ce da Hausa, Hausar nan tamu ta gida, "Wane ne Injiniya Sale a nan?"

Da ƙasa ta tsage da na shige. Ta juya ta ce wa Oga da buroka, uwar yaron ce ke gaishe shi, kuma sauti ya yi kyau. Oga ya washe baki. Ta ce in shiga gaba, ta sa aka rufe ƙofofi, ni da ita kawai.

"Nuna mini hotunan."

Na nuna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

"Hular ta yi maka kyau. Motar ma ta karɓe ka. Ɗan ina ne kai?"

"Azare, Hajiya."

"Ni 'yar Zadawa ce. Tun ba a haife ka ba nake sayar da busasshen kifi a garin nan, kafin na sayi wannan. Kai ka same ta a Juma'a ɗaya."

Na ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri. Ko aronta ne, kwana uku kawai, in kai ƙanwata in dawo."

"Ka iya tuƙi?"

"Ina koyo."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta gimtse fuska. "Kira ta. Yanzu, ta cikin motar nan. Ai kai ka haɗa, mu ga ko aikinka na da kyau."

Na kira. Rabi ta ɗauka, na ce ta ba Inna. Hajiya ta kafe ni da ido.

"Inna, motar nan ba tawa ba ce. Gyara aka kawo. Ni ɗan aikin shago ne, ɗakina ma tabarma biyu ba ta shimfiɗuwa a ciki."

Allon yana ta ƙirga daƙiƙu a gabana, ina kallo. Na jira faɗa, na jira Allah ya isa. Sai na ji Inna ta ja numfashi ta ce, "Alhamdulillahi." Ta sake faɗa. A na uku muryarta ta karye.

"Tun ranar da na ga hoton nan abinci bai yi mini daɗi ba. Yaron da ya tafi jiya-jiya, ina ya samo wannan? Mata su zo barka, su fita suna ƙus-ƙus. Wasu sun ce 'yan damfara ka shiga, wasu sun ce abin ya fi haka muni. Har Malam na sa yake ta addu'a Allah ya raba ka da motar nan."

Hajiya ta matso kusa da allon ta ce, "To Yaya, addu'a ta karɓu. Amma don Allah ki ce wa Malam ya tsaya haka nan, kada ta wuce kan mai motar."

Inna ta ce, "Wa ke nan?"

Daga nan suka juya Fulatanci. Gaisuwa, tambayar dangi, wance da ta yi aure a Misau, wane da ya rasu bara. Ni ina zaune tsakaninsu kamar buhun gero, hawaye na bin fuskata. Oga kuwa yana waje yana ɗaga mini babban yatsa ta gilashi, wai kira na fita tangaram.

Hajiya ba ta faɗa wa Oga komai ba. Da za ta tafi ta ce, "Motata ta kifi za ta koma Arewa wayam ran Laraba. In kana son zuwa biki, akwai wuri a baya." Ta sa na cire wayata daga motar a gabanta, ta duba da kanta.

Oga ya ba ni hutun mako biyu, ya bar ni na kwashi wasu tsofaffin sifiku da masu motoci suka bari, da wani allo mai tsagewa a gefe. Na iso Azare ina ƙarnin kifi, kuliyoyin unguwa suka raka ni har gida. Kawu Buba na zaune a zaure da mutane. Ya leƙa bayana, ya leƙa titi, ya ce, "Injiniya, ina aka faka?"

Dariyar da mutanen zauren suka yi mini ba ta dame ni ba kamar Rabi. Ta riga ta faɗa wa ƙawayenta duka, har an yi rabon wanda zai zauna kusa da talabijin. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba, in na shigo ta shige ɗaki. Mai bas ɗin da Kawu ya sallama kuwa ya karɓi wani bikin. Abin da aka samu sai wata tsohuwar bas mai kai kaya kasuwar Gamawa, ƙofarta da igiya ake ɗaurewa.

Ana gobe kai amarya na wuni a cikin bas ɗin nan. Na wanke ta, na ɗaure sifiku a ƙarƙashin kujeru, na liƙa allon nan mai tsagewa a gaba, na sa hotunan Rabi da ƙawayenta na ranar kamu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Da muka ɗauki hanyar Katagum na saki kiɗa, duk ƙauyen da muka ratsa sai an fito kallo. Gwaggonni suna guɗa, ƙawaye suna ihu duk wadda ta ga fuskarta a allo. Wajen rabin hanya na waiga, na ga kafaɗun Rabi na rawa a cikin mayafi. Na zaci kuka ne irin na amare. Ashe dariya take.

Kafin mako ya zagayo, direbobi uku sun zo neman in yi musu irin na bas ɗin Gamawa. Na kira Oga na ce ba zan dawo ba. Ya zage ni tas, sannan ya ce in ina son kaya in riƙa yi masa waya. Mafarin shagon nan da kuke zaune ke nan.

Amma ranar bikin, da muka dawo daga Katagum da la'asar, na sa direba ya tsaya a ƙofar gida, na ƙure ƙara, yara na ta rawa, ni ina tsaye ina karɓar gaisuwa. Sai ga Inna ta leƙo daga zaure, ta yafito ni da hannu.

"Kai, rage abin nan."

Na ce, "Inna, so nake gari ya san na dawo."

Ta dube ni, ta gyara mayafinta.

"Gari ya sani, ɗan nan. Tun kana Legas ake jin ka."

Na je na kashe.