Tiyub ɗin Baba Mumuni

A tasha, ana jiran motar Krachi ta cika, wata mai sayar da doya ta lura da tiyub ɗin taya a ƙarƙashin ƙafar tsohon da ke gefenta.

"Baba, keke ne ya yi faci?"

"Ni ne facin, Hajiya. Saboda tsoron jirgin ruwan Dambai na sayo shi a kasuwar Abossey Okai."

"Ba ka taɓa tsallakawa ba?"

"Ni? Na hau na Istanbul, na hau na Zanziba. Duk a wayar ɗana, ina kwance a gida a Nima."

Ta yi dariya. "To me ya fito da kai?"

"'Yata ta haihu a ƙetaren ruwan. Bikinta ma na ce zazzaɓi nake. Gobe suna, wai Mumuni za a sa wa yaron, sunana."

"Ni da nake tsallakawa kowane mako, rufe ido nake yi har mu sauka. Amma ta san ba zazzaɓi ba ne, ko?"

Ya tashi ya nufi mota, ya ɗan tsaya, sannan ya dawo ya ɗauki tiyub ɗinsa.