Ƙararrawar da Keziya Ba Ta Ji

Mai girma shugaban taro, Baba Rabaran, Hedimasta Ezekiyel, malamai, 'yan'uwana mata da ke can baya wajen tukwane, da dukkan jama'ar Kafanchan da kuka cika wannan fili, ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji.

Sunana Damaris, uwar Keziya ta aji huɗu. Na gode da aka ba mu, iyayen yara kurame, minti biyar a wannan bikin ba da kyaututtuka. Shekara uku muna roƙon minti biyar ɗin nan, saboda haka ku yi haƙuri in na ci bakwai.

Da farko zan yabi ƙararrawar makarantarmu, wato guntun ƙarfen layin dogon nan da ke rataye a bishiyar mangwaro. In Malam Abednego ya buga shi, sai ka rantse har Zonkwa ana ji. Awaki suna ji, masu okada suna ji, har maigidana da ba ya jin kira in an ce a tafi gona, yana ji. Yara bakwai ne kaɗai ba sa ji, kuma su ne kullum ake ba yankan ciyawa saboda makara wajen komawa aji.

Na biyu, wannan takarda da ke hannuna. Makon jiya aka ba Keziya ta kawo mini, wai in ta ƙara makara sau ɗaya, an kore ta. Na je na sami Malam Abednego, ya ce, "Mama Keziya, sau uku na buga, da ƙarfi kuwa!" Na ce, "Malam, ai ko ka buga har hannunka ya karye." Na yi dariya a gabansa, amma kuka na yi a hanya, domin a wannan makaranta ce 'yata ta fara rubuta sunana.

Na uku, tun da na fara magana kuna ganin Keziya a bakin rumfa tana motsa hannuwa. Wasu sun yi mata murmushi, Baba Rabaran har ya sa mata albarka. To, ba gaisuwa take yi ba. Da maganar hannu ta ce shinkafa ta nuna, a zo, naman ba zai ishi kowa ba. Sau uku ta faɗa, da ƙarfi kuwa! Ku waiwaya, ga sauran shidan can a inuwa, kowa da cinyar kaza. Ku kuwa manyan baƙi, kun makara. Malam Abednego, lauje nawa ke ofishinka?

Roƙonmu ba shi da yawa. In an buga ƙarfe, a ɗaga tuta. A tura malami ɗaya ya koyi maganar hannu. Takardar nan kuma, Hedimasta, ga ta. In laifi ne mutum ya makara ga kiran da bai ji ba, a rubuta wa kowa da ke babban tebur irinta, a fara da shugaban taro. In ba laifi ba ne, ka yaga ta yanzu a gaban jama'a.

Yawwa, Allah ya yi maka albarka! Bari in gaya wa Keziya da hannu: ya yaga. Gobe da safe akwai makaranta.

Ubangiji ya raya mana yaranmu, masu ji da marasa ji, ya ba malamai haƙuri da mu, ya mai da kowa gida lafiya. Ku taso, an rage muku romo.

Na gode.