Famfon da Ke Kai Ƙarar Kansa

A tashar Gidan Rumji, ana jiran motar Maradi ta cika, wani dattijo makiyayi ya dubi jakar kayan aikin mutumin da ke kusa da shi.

"Malam, ku ne masu gyaran famfon hasken rana?"

"Mu ne, Baba."

"Allah ya yi muku albarka. Namu ya tsaya ranar zaɓe, kowa na kan layi. Ba mu ko gama shawarar wanda za a aika ba, sai ga mutuminku bisa babur. Wa ya gaya muku?"

"Famfon da kansa. Akwai 'yar na'ura mai layin waya a jikinsa. Duk abin da ya same shi sai ta aika buro, mu gani a kwamfuta."

"Ikon Allah! Da can ni ake aikawa. Kafin in je in dawo, shanu sun rame."

"Kun huta ke nan. Yau me zai kai ku Maradi?"

"Zan shaida wa buro famfo na aiki."

"Ai mun sani, Baba. Kullum tana faɗa mana."

Dattijon ya gyara goran man shanun da ke cinyarsa.

"Ɗiyata ta fari tana aure kusa da buronku. Uba ba ya taka gidan suruki haka kawai, sai hanya ta biyo da shi. Na gode wa na'urarku, wallahi. Amma wannan saƙon, ta bar mini shi in kai."