Ranar da na sa wa Oska albasa

Kuɗin tafiyata Doha, Baba ne ya sayar da injin kwaɓa fulawarsa ya ba ni, ya koma kwaɓi da hannu da tsufansa. Ku matso, kai Nura ajiye wayar nan. Ce min aka yi wata Baturiya ke neman mai gashi a gidanta. Ni da na tashi a gidan burodi, na ce ai an zo wurin.

Aka sauke ni a unguwar Fereej Abdel Aziz, mu shida a ɗaki ɗaya. Babbanmu Malam Sani direba, mutumin Gusau, shi ya koya min Larabcin garin, wanda bai wuce yalla (mu je) da khalas (an gama) ba. Ni kuma "halas" nake cewa, har suka laƙaba min Na-Halas.

Ranar farko Madam, wato Baturiyar, ta jibge min hanta, kabewa, ƙwai da garin alkama. Ba gishiri, ba sukari. Ta miƙo min wani ɗan ƙarfen yanka ƙullu mai siffar ƙashi. Na juya shi, na sake juyawa. Na gasa, na ɗanɗana, lami salam. Sai ta zuba a 'yan jakunkuna, ta ɗaure da zare mai kyau, ƙawayenta su zo da manyan motoci su saya. Na ce a raina, Allah sarki, duk masu ciwon sukari ne. Akwai wani ɗan kare a gidan, Oska, fari, bai fi mage ba. Kullum ina ganinsa, amma wa zai kawo wa ransa cewa ana kunna tanda saboda kare? A garinmu ƙanzo ma sai ya yi sa'a.

Sati uku abin yana cina. Hanta ba albasa, ai wulaƙanta hanta ne. Ran nan Madam ta tafi yawo Corniche, can bakin teku, na yanka albasa manya guda huɗu, na daka tafarnuwa, na zuba. Ƙamshi ya cika gida, ina ta jin daɗin kaina.

Bayan kwana biyu ta faɗo kicin da Oska a hannu, ya yi laushi kamar tsumma.

"Habu, me ka sa a ciki?"

"Albasa ce kawai, Madam, don baƙinki su ji daɗi."

"Waɗanne baƙi? Na karnuka ne! Albasa guba ce a wurinsu!"

Na tsaya baki buɗe. Na karnuka? Ni ɗan Alhaji Mamman mai burodi, na hau jirgin sama na zo yi wa kare cincin? Allah ya taimake ni ba a fara sayar da gashin ranar ba, Oska kaɗai ya ci. Kafil ɗina, wato Balaraben da takarduna ke hannunsa, ya bugo waya ya ce idan karen ya mutu, khalas, sai jirgi zuwa gida.

Wallahi na ji tsoro. Ba abin da nake gani sai hannun Baba cikin ƙullu. Muka kai Oska asibitinsu, ee, asibiti gare su, har ƙarin ruwa aka ɗaura masa ina kallo. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Bayan la'asar na ce wa 'yan ɗakinmu su taya ni addu'a, akwai mara lafiya a gidan aikinmu.

Malam Sani ya ce, "Subhanallahi. Yaro ne ko babba?"

"Shekararsa uku."

"Wayyo, yaro ƙarami. Musulmi ne?"

Na ce, "Malam, a dai yi addu'ar."

Ya ɗaga hannu ya yi ta zubawa, Allah ya raya shi, ya sa ya ji ƙan iyayensa. Na ce amin, da gaske kuma nake.

Kwana na biyar Oska ya miƙe. Madam ta kira ni, na shiga ina jiran sallama. Sai ta ce laifinta ne da ba ta yi min bayani ba, ta rubuta jerin abin da ba a ba kare, ta manna a bango. Shekara huɗu na yi ina gasa ƙashin kabewa, har na ƙware, har daga wasu unguwanni ake aikowa. Duk wasiƙar da na rubuto gida, cewa nake manyan gari nake yi wa gashi.

Da na dawo, muna zaune da Baba a bakin tanda, ya ce, "Habu, su waye manyan nan da ke cin abin hannunka?"

Na kasa yi masa ƙarya ido da ido. Na sunkuyar da kai na faɗa masa komai. Can ya ce, "Suna cinyewa?"

Na ce, "Tas, Baba. Har su lashe kwano."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, alhamdu lillahi. Ba ka zubar da sunan gidanmu ba."