Muryar Ba Modu Bayan Rasuwarsa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, tare da gaisuwa ga masu sauraro.

Ni ke tace saƙonni a wani ɗan shirin murya da muke sakawa a intanet, inda mutanen unguwar Gwange ke aiko da labaransu ta waya. A da sau ɗaya muke fitowa a mako, ina sauraron kowane saƙo har ƙarshe. Sai abokan aikina suka ce mu koma kullum. Saƙonni suka taru, na koma jin farkonsu kawai.

Ranar Talata muka saka muryar wani dattijo, Ba Modu, ba mu san ya yi wata guda da rasuwa ba. Ashe da ya gama labarinsa bai kashe wayar ba, sai aka ji yana cewa, "Ya Falmata, ɗora shayi, ga ni nan tafe." Matarsa Falmata tana cikin takaba ta ji shirin.

'Yarsa ta kira ni ta ce, "Baba, ku cire. Tun ranar kofi biyu Mama take zubawa, tana kallon ƙofa."

Na cire, amma maƙwabta sun riga sun tura wa juna. Malam, ku ba ni shawara: da wane baki zan je in ba matar tasa haƙuri?