Rigar da Ta Ƙi Yagewa a Liyon

Ku ajiye salular nan ku ji. Ni babur ɗina na kabu-kabu na sayar na tafi, har da hular kwanon. Innata ta ce, "Laminu, in ka je ƙasar mutane ka rage shaƙiyanci." Na ce to. Ita ma ta san ƙarya nake.

Na sauka Stains, wani gari a ƙasar Turawa, wajen wani Alhaji ɗan Maradi. "Istan" suke cewa, su rubuta suna da tsawo su cinye rabi. Shi ya samo mini aikin tuƙa motar wasu makaɗa huɗu. Kiɗansu "ad-rok" ne. Ku ɗauka ana dambe a garejin walda, wani ƙato yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Ƙaton shi ne patron, wato maigida, Gaitan, gashi har gadon baya. Ban taɓa kallon wasansu ba. In sun hau dandamali, mota nake komawa in cusa auduga a kunne.

Lokacin takardar zamana ta kusa mutuwa, kuma ba a sabuntawa sai da kontira, wato yarjejeniyar aiki. Su ma sun gaji da kiɗa a ƙananan mashaya. Gaitan ya ce, "Lamin, akwai babban wasa a Liyon, mai kamfanin faifai zai zo. In ya ɗauke mu, na sa maka hannu. In bai ɗauka ba, kowa ya kama gabansa."

Ana jibi tafiya ina shirya kaya, sai na ga baƙaƙen rigunansa biyar, kowace an ɗan tsaga wuyanta. Kunya ta kama ni. Maigidana ya tsaya gaban manya da tsumma? Na kwasa sai unguwar Sandani, wajen Malam Hamisu tela. Ya ce, "Kai, wannan Nasara ba ya da mata ne?" Ya bi kowane wuya sau biyu, ya ƙara ƙyalle ta ciki.

Muna kan hanya, Gaitan yana barci da ɗaya a jikinsa, sai Silbi, matar da ke buga ganguna, ta ce, "Yau dai ka tsaya ka ga yadda yake yaga riga."

"Yaga me?"

"Riga mana. A waƙar ƙarshe. Ni nake tsaga wuyan da almakashi don ta tafi da ja ɗaya. Abin da mutane ke jira ke nan."

Wallahi sitiyari ya jiƙe a hannuna. In faɗa? Ni da na taɓa zuba mata yaji a kafen da take sha, na cika takalmin mai gita da garin rogo, wa zai yarda da alheri na yi? Da muka tsaya shan mai, na lallaɓa da abin yankan farce don in tsaga wuyan rigar. Na kai hannu ke nan ya buɗe ido.

"Me kake nema a wuyana?"

"Sauro ne, patron."

Bayan la'asar suka hau, a wani fili bakin kogi, jama'a kamar ranar kasuwa. Na tsaya gefen dandamali, ba auduga. Ga mai kamfanin can da ƙaramin tabarau. Waƙar ƙarshe ta zo. Gaitan ya kurma ihu, ya kama wuyan riga, ya ja. Shiru. Ya sake ja, fuskarsa ta yi jawur. Aikin Malam Hamisu ko gezau. Na gaba suka fara dariya. Mai tabarau ya duba agogo.

Ban san lokacin da na hau ba. Na damƙi bayan rigar, na dogara ƙafa jikin lasifika kamar mai jan guga a rijiyar garinmu, ina ihu da Hausa, "Ja, patron! Ja!" Silbi ta ga abin ya ɓaci, ta ƙara wa ganguna wuta. Rigar ta tafi ɓaaar, muka zube tare. Wuyan kuwa yana nan a wuyansa, kamar igiyar rago. Filin ya ɗauki sowa.

Da muka sauko Gaitan ya ritsa ni. "Wa ya ɗinke?"

"Malam Hamisu."

"Wa ya kai masa?"

Kafin in buɗe baki sai ga mai tabarau. Ya nuna ni. "Wannan da ya hau, kullum yana cikin wasan?"

Gaitan ya dube ni, yana haki. Ya ce, "Kullum."

Haka na sami takarda. Shekara uku ina kokawa da rigar ƙato, gari gari, Malam Hamisu yana ɗinkewa. Sai maƙogwaron Gaitan ya lalace, likita ya hana shi ihu, ƙungiya ta watse, na dawo gida.

Innata ta ce, "Wane aiki ka yi can?"

Na ce, "Harkar tufafi, Inna."

Ta shelanta wa unguwa duka. Har yau mata suna kawo mini atamfa in taɓa, in gaya musu ko mai kyau ce.