Ɗorawar da Angona Ya Ba Ni

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da fama. Ni ce Iya Talatu mutuniyar Gwaska, yanzu ina gudun hijira a Birnin Gwari.

Ina da jika, Sale, da nake tsokana da "angona". Sau uku yana takarar kansila a jam'iyyar adawa, sau uku yana shan ƙasa. Maganarsa ɗaya ce: a daina sare daji ana gawayi. Wasu na raba taliya da sabulu, shi dashen ɗorawa yake rabawa.

Na ce, "Angona, wa ya taɓa dafa dashe?"

Ya ce, "Iya, nan da shekara goma za ki yi daddawa."

Na ce, "Ka tambayi kabarina ko zai jira?"

Allah ya yafe mini, taliya na zaɓa. Amma na dasa ɗorawar a bayan ɗakina, ina ba ta ruwan alwala, har 'yan bindiga suka tashe mu.

Yanzu Sale ya bar siyasa, ko zancen itace ba ya yi, motocin gawayi kuwa kullum wucewa suke.

Masu sauraro, duk wanda ya bi ta Gwaska ya duba mini. In tana nan ya aiko, in samu abin faɗa wa angona. In an sare, ya yi shiru.